Kun Tambaya, Mun Amsa: Faifan Farko na Whitney Houston

 Takardar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauyensu. Ya ce gardama ce ta sarƙe tsakaninsa da maƙwabcin rumfarsa. Yaron da ke cajin waya kusa da su, in ji shi, kullum sai ya saki muryar wata mata tana waƙa da Turanci, murya kamar za ta ɗaga rufin kwano. Da suka tambaya, yaron ya ce sunanta Whitney Houston, waƙoƙin kuma na cikin albam ɗinta ne na farko, wai pop ne da R&B. Maƙwabcin ya ce ya san ta sarai, 'yar Nijeriya ce, a Ibadan aka haife ta. Shi kuwa mai takarda ya ce sam. Har sun ƙulla, wanda aka kayar shi zai sayi goron ranar kasuwa. Yana so mu raba gardama, mu kuma fayyace masa mene ne albam, mene ne waɗannan sunaye biyu da yaron ke ta maimaitawa.

To Malam, goro dai ka ci shi. Whitney Houston baƙar fata ce Ba'amurkiya, an haife ta ran 9 ga watan Agusta na 1963 a birnin Newark da ke jihar New Jersey. Amma kada ka yi wa maƙwabcinka dariya tukuna, ba daga sama ya tsinci zancen Ibadan ba. Za mu iso wurin.

Bari mu fara da albam. Dattawa ba su manta da garmaho ba, wanda ake wanawa da hannu. Faifansa ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 3 ko ɗan abin da ya ɗara a kowace fuska. In waƙoƙi suna da yawa, sai kamfani ya haɗa faya-fayai huɗu ko biyar, ya sa kowanne a aljihun takarda, ya ɗinke su kamar littafi. Wannan littafi ya yi kama da albam ɗin da ake jera hotunan biki a ciki, shi ya sa aka ba shi sunan. A 1948 wani kamfani mai suna Columbia ya fito da babban faifai mai ɗaukar sama da minti 20 a kowace fuska. Littafi ya tafi, suna ya zauna. Kaset ya zo ya wuce, faifan CD ya zo, yau ga shi waƙa ta koma cikin waya, amma har yanzu in mawaƙi ya tara waƙoƙi goma ko sha biyu ya fitar da su tare a ƙarƙashin suna ɗaya, albam ake cewa.

Akwai kuma abin da ya kamata ka riƙe, don shi ne mabuɗin labarin. Kamfani ba ya tallar albam gaba ɗaya. Yakan ciro waƙa ɗaya ya aika gidajen rediyo, kamar yadda kai kake ɗibar gero a hannu ka nuna wa mai saye, buhu na ɗaure. In samfurin ya shiga rai, a sayi buhun. In kasuwa ta fara sanyi, a ciro wata waƙar.

Sai sunayen nan biyu. R&B, a baki ana cewa ar-an-bi, kiɗa ne na baƙaƙen Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Tushensa yana cikin waƙoƙin da suke yi a gonakin auduga, mutum ɗaya ya bayar saura su amsa, tamkar dai ranar gayya. Yana kuma cikin waƙoƙin cocinsu, da wata irin waƙa ta kukan zuci da suke kira bulus. Da suka ƙaura zuwa manyan birane neman aiki, sai aka haɗa wa waƙoƙin ganguna masu nauyi da jita mai lantarki da ƙahonnin busa. Akwai wata mujalla, Billboard, wadda aikinta ke nan kowane mako ta jera waƙoƙin da suka fi kasuwa. Har zuwa 1949 jerin baƙaƙe sunansa "faya-fayan launin fata". A shekarar ne aka sauya masa suna zuwa ridim an bulus, sunan da wani ma'aikacin mujallar, Jerry Wexler, ya raɗa. Shi ne aka taƙaita ya koma R&B.

Pop kuwa, an gutsuro shi ne daga kalmar Turanci mai nufin abin da jama'a suka karɓa. Waƙa ce mai sauƙin kamawa, wadda yaro da babba za su iya bi tun ji na biyu. Amma in ka tone gaskiyar magana, bambancin nan bai tsaya ga kiɗa ba, har da kasuwa. A Amurka ta wancan lokaci kasuwar waƙa biyu ce. Akwai gidajen rediyon baƙaƙe da nasu masu saye, akwai kuma babbar kasuwa inda Turawa suka fi yawa, kuɗi ma can suka fi. A 1985, shekarar da faifan da kake tambaya ya fito, mujallar nan ma ta ajiye sunan R&B, jerin "waƙoƙin baƙaƙe" take kiransa ƙiri-ƙiri. Saboda haka in ka ji an ce faifai pop ne kuma R&B ne, ana nufin kaya ne da aka ɗaure don a ci kasuwa biyu da shi. Kai ɗan kasuwa ne, ka san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Mudun wannan kasuwa daban, na waccan daban.

Ita Whitney a cikin waƙa ta buɗe ido. Mahaifiyarta, Cissy Houston, shugabar mawaƙa ce a cocin New Hope da ke Newark, ta kuma yi shekaru tana amshi a bayan manya irin su Aretha Franklin da Elvis Presley. Dionne Warwick, wadda ta yi suna tun shekarun 1960, ɗiyar yayar mahaifiyarta ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tana da kimanin shekara 11 ta fara bayar da waƙa ita kaɗai a gaban jama'ar coci. Da ta zama budurwa sai ta riƙa bin uwarta wuraren wasa a birnin New York tana yi mata amshi, wani lokaci uwar ta ja da baya ta bar mata fage. Ta yi wa Chaka Khan amshi a faifai, ta kuma taɓa aikin tallar tufafi, har hotonta ya hau bangon mujallar 'yan mata ta Seventeen a 1981.

A irin wannan wasa ne wani ma'aikacin kamfanin faya-fayai na Arista, Gerry Griffith, ya ji ta, ya je ya jawo maigidansa Clive Davis. Shi Davis lauya ne ta wajen karatu, ba ya kiɗa ba ya waƙa, amma yana da kunne irin na dillalin shanu da ke duban ɗan maraƙi ya san irin san da zai zama. A 1983 suka sa hannu a yarjejeniya, tana da shekara 19.

To a nan ne abin koyo yake, shi ya sa zan ɗan daɗe. Wani da ya samu irin wannan murya, gobe-gobe zai tura ta kasuwa. Davis bai yi haka ba. Kusan shekara biyu aka yi ana tankaɗe da rairaya, ana neman waƙoƙin da suka dace da ita. Kada ka yi mamaki. A wajenmu mun saba mawaƙi shi ke ƙaga waƙarsa, shi ke rerawa, makaɗansa na biye da shi duk inda ya sa ƙafa, kamar yadda Mamman Shata ya yi da 'yan kalangunsa. Can kuwa aikin a rarrabe yake. Akwai mai rubuta kalmomi, akwai mai sa musu karin sauti, akwai mai tsara yadda za a ɗauka, sa'an nan ga mai murya. Waƙoƙi 10 ne a faifan Whitney na farko, ba ko ɗaya da ita ta rubuta. Wasunsu ma ba sababbi ba ne, wasu sun riga sun rera su a baya.

Masu tsara aikin mutum huɗu ne, kuma ba a banza aka zaɓe su ba. Kashif, wanda gidajen rediyon baƙaƙe suka san hannunsa. Jermaine Jackson, wan Michael Jackson, wanda har ya rera waƙa biyu tare da ita. Narada Michael Walden, maganɗi, gwanin kiɗan rawa. Sai Michael Masser, mai waƙoƙin soyayya masu tafiyar hawainiya, irin waɗanda Turawa magidanta ke so. Ka ga ke nan tun a gona aka raba shukar, kunya kaza don wannan kasuwa, kunya kaza don waccan.

Ran 14 ga watan Fabrairu na 1985 faifai ya fito, sunanta kawai aka sa masa. Da farko shiru kake ji. Ya shiga jerin Billboard can ƙasa, bayan na 100. Samfurin da aka fara turawa da ƙarfi shi ne waƙar "You Give Good Love", wadda Kashif ya tsara, kuma gidajen rediyon baƙaƙe aka nufa da ita, don Davis ya san in 'yan gida ba su karɓe ka ba, baƙi ba za su dube ka ba. Ta zo ta ɗaya a jerin baƙaƙe. Abin da ya ƙara wa kamfani ƙarfin gwiwa, sai ga ta ta tsallaka babbar kasuwa ta kai ta uku.

Ƙofa ta buɗe, sai aka turo "Saving All My Love for You". Wannan waƙa, Malam, labarin mace ce da ta kamu da son mai aure, tana zaune tana jiran ranar da zai samu sukunin zuwa. Na san wani zai ce to mene ne abin kuka, ba sai ya ƙara da ita ba? A'a, dokar Amurka mace ɗaya ta yarda da ita, don haka wannan jira ba shi da ranar ƙarewa, shi ne zafin waƙar. A watan Oktoba na 1985 ta zo ta ɗaya a Amurka, a Disamba ta zo ta ɗaya a Ingila.

Ta uku, "How Will I Know", ta rawa ce ta 'yan mata. Asali Janet Jackson aka rubuta wa, ba a karɓa ba, rabo ya kawo ta nan. Da ita aka ci talabijin. Akwai wata tasha, MTV, da aka buɗe a 1981, a wancan lokaci ba ta nuna komai sai hotunan waƙoƙi, an kuma daɗe ana zarginta da ƙin nuna baƙaƙe, sai da Michael Jackson ya fasa ƙofar a 1983. Wannan tasha ta riƙa nuna Whitney safe da yamma, yaran Turawa a garuruwan da ba su taɓa kama rediyon baƙaƙe ba suka san fuskarta. Watan Fabrairu na 1986 waƙar ta zo ta ɗaya.

Ta huɗu ita ce na fi zaton yaron nan mai caji ya fi sakar muku, "Greatest Love of All". Ga wani abu da zai yi maka daɗi: an rubuta ta ne don fim ɗin tarihin ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda aka yi a 1977, George Benson ya fara rera ta. Ba waƙar saurayi da budurwa ba ce, magana take a kan tarbiyyar yara da mutum ya san darajar kansa. Wadda ta rubuta kalmomin, Linda Creed, ta yi shekaru tana fama da ciwon dajin mama. Ta rasu a watan Afrilu na 1986, makonni kaɗan kafin waƙar ta hau ta ɗaya a watan Mayu, inda ta zauna mako uku.

Shi kansa albam ɗin sai a watan Maris na 1986 ya kai na ɗaya, watau bayan shekara guda cur da fitowarsa. Sannu ba ta hana zuwa. Da ya hau kuwa, mako 14 ya yi a sama in an haɗa jimla, shi ne kuma mujallar ta sa a gaba cikin dukan faya-fayan shekarar 1986. Kafin ita ba a taɓa samun mace da ta fitar da waƙa uku daga faifai ɗaya duka suka zo na ɗaya ba. Abin da aka sayar a duniya ya haura miliyan 20.

In ka tambaye ni abin da ya sayar da shi, zan ce ba kiɗan ba ne. Kiɗan ma in ka saurare shi yau ya tsufa, akwai ƙarar na'ura irin ta wancan zamani. Muryar ce ba ta tsufa ba. Saurari yadda take fara waƙa a hankali kamar mai raɗa, ta yi ta hawa ba tare da ka lura ba, sai can ta saki murya duka, kuma ko a ƙololuwa kalma ba ta ɓacewa. Wannan horon coci ne. An ɗauko shi aka sa masa riga mai guga don ya shiga falon Bature.

Yanzu mu koma kan maƙwabcinka. A Amurka akwai lambar yabo ta mawaƙa da ake kira Grammy, ana bayarwa kowace shekara. A bikin watan Fabrairu na 1986 Whitney ta ci ta mace mafi iya rera pop, kuma Dionne Warwick ce ta miƙa mata da hannunta. Amma akwai wata lambar, ta gwarzon sababbin mawaƙa, wadda kowa ya ɗauka tata ce. Sai masu shirya bikin suka ce ba ta cancanci shiga takara ba, domin a 1984 ta riga ta fito a wata waƙa tare da Teddy Pendergrass, saboda haka ba sabuwa ba ce. Davis ya yi ƙorafi a rubuce, ba a sauya ba. Wa ya ci lambar? Sade, ita da ƙungiyarta. Ita ce aka haifa a Ibadan a 1959, mahaifinta Bayarabe, mahaifiyarta Baturiyar Ingila ma'aikaciyar jinya, aka tafi da ita Ingila tana 'yar shekara 4. Nata faifan na farko, Diamond Life, ya fito a 1984. Mata biyu, zamani ɗaya, kowacce da faifan farko, a rediyo ɗaya ake jin su. Ka ga inda maƙwabcinka ya haɗa zare. Alaƙar Whitney da Afirka da aka sani ita ce ta yi waƙa a bikin cikar Nelson Mandela shekara 70 a Landan a 1988, yana kurkuku a lokacin, sa'an nan a 1994 ta je Afirka ta Kudu ta yi wasa a birane uku bayan ya zama shugaban ƙasa.

Na san a matsayinka na ɗan kasuwa tambayar da ke bakinka ita ce, duk kuɗin nan aljihun wa suka shiga? Al'adar sana'ar ita ce kamfani ya biya kuɗin ɗaukar faifai, ya ba mawaƙi wani abu ya riƙe, amma duk bashi ne. Kamar mai kuɗin da ya ba ka iri da taki da damina, da kaka sai ya cire nasa kafin ka ga ƙwaya. Bayan an cire, mawaƙi na samun wani kaso a kan kowane faifai. Marubucin waƙa kuwa rabonsa daban ne, kuma duk sa'ad da aka sa waƙar a rediyon Amurka shi ake biya, ba mai murya ba. Misali, babbar waƙar Whitney ta fim ɗin The Bodyguard na 1992, wadda ko mutanen karkara sun ji ta, wata Baturiya mai suna Dolly Parton ce ta rubuta ta tun 1973, ita ce kuma ta kwashi ladan rubutu. Whitney ta yi arziki ƙwarai, ba a musu, amma mai gona daban, mai noma daban.

Cin kasuwa biyu kuma ya zo mata da nasa haraji. Wasu daga cikin 'yan uwanta baƙaƙe suka fara gunaguni, wai an wanke mata murya don Turawa, ta bar gida. Faifanta na biyu a 1987 ya shiga jeri kai tsaye a matsayi na ɗaya, abin da mace ba ta taɓa yi ba, amma gunaguni bai kwanta ba. A 1989, a bikin lambobin Soul Train, wanda na baƙaƙe ne, da aka ambaci sunanta sai wasu a cikin zauren suka yi mata ihu. Ka duba fa, yarinyar da ta tashi a cocin baƙaƙe na Newark, ɗiyar Cissy. Ni a ganina ba a yi mata adalci ba, don waƙoƙin ba ita kaɗai ta zaɓa ba, kuma ƙofar da ta buɗe mata baƙaƙe da yawa sun bi ta cikinta daga baya. Amma abin ya taɓa ta. A faifanta na uku, na 1990, aka ɗauko masu tsara kiɗa irin su Babyface da L.A. Reid don a matso da ita kusa da gida. A wancan biki na 1989 ne kuma ta haɗu da mawaƙi Bobby Brown, wanda ta aura a 1992, suka rabu a 2007.

Ka tambaya a ƙarshen takardarka ko tana nan da rai. Ta rasu ran 11 ga watan Fabrairu na 2012, tana da shekara 48, a wani otal da ke Beverly Hills a jihar California. Binciken likitoci ya nuna nutsewa ta yi a bahon wanka, ciwon zuciya da hodar iblis sun taimaka, ta kuwa yi shekaru tana fama da shaye-shaye. A daren ranar, a cikin otal ɗin, aka shirya walimar da Clive Davis ya saba yi kowace shekara a jajibirin Grammy, ita ma don walimar ta sauka a wurin. An yi jana'izarta a cocin New Hope, inda ta fara waƙa. Mahaifiyarta Cissy ta rayu bayanta har 2024.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. In maƙwabcin naka ya nemi shaida kafin ya sayi goro, ka ce wa yaron mai caji ya sakar muku Sade, sa'an nan ya sakar muku Whitney. Ta farko muryarta ƙasa-ƙasa take, a kwance, ta biyu kuwa sai ta tashi kajin kasuwa. Sauran takardunku suna nan a ajiye, sai mako mai zuwa.